Yadda Ake Haɗa Randa Cikin Randa Domin Adana Kayan Miya Ba Tare da Lantarki Ba

Duk gidan da ake ajiye ruwa a randa an san cewa ruwanta yakan fi na bokiti sanyi, amma an daɗe ana shan wannan ruwa kafin a samu wanda ya tsaya ya tambayi dalili, ya kuma yi tunanin ko sanyin zai iya tsare tumatir da alayyahu daga lalacewa. Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa wanda ya tashi a gidan maginan tukwane, ya yi wannan tambaya a tsakiyar shekarun 1990, kuma ya kwashe kimanin shekara biyu yana gwaji kafin ya gamsu da abin da ya haɗa. Ya raba kashin farko na tukwane 5,000 a ƙauyuka da kuɗin aljihunsa, sannan a shekarar 2000 ya samu lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex mai ɗauke da dala 75,000. A gwaje-gwajensa, yalo da yakan yi yaushi cikin kwana 3 ya kai kwana 27, alayyahun da ba ya wuce yini guda kuma ya kai kwana 12.

Kafin a fara aikin ya kamata a fahimci abin da yake kawo sanyin, domin wanda bai fahimta ba shi ne yake saurin cewa dabarar ba ta aiki. Jikin randar da aka gina da yumɓu yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, idan iska ta busar da shi sai ya tafi da zafin da yake ciki, kamar yadda mutum yake jin sanyi idan iska ta kaɗa jikinsa bayan ya yi gumi. Saboda haka abu uku ne suke riƙe da aikin baki ɗaya: danshi, iska da inuwa.

A nemi randa biyu masu faɗin baki, babba da ƙarama, ta yadda idan aka saka ƙaramar cikin babbar za a bar tazarar kimanin yatsu biyu zuwa uku a kewaye. Kada babbar ta kasance mai fenti ko wadda aka shafe da siminti, domin hakan yana toshe ƙofofin da ruwa yake fita. Gara a je wurin magina da kai a gwada su ɗaya cikin ɗaya kafin a biya, ko da hakan zai ci yini guda, saboda randar da ta matse ko ta yi sako-sako za ta ɓata duk wahalar da za ta biyo baya. Idan sababbi ne, a cika su da ruwa su kwana domin su ƙoshi, kuma a ga ko akwai tsaga.

Daga nan sai a tankaɗe yashin rafi, a wanke shi har ruwan ya fita fes, domin laka da gishirin da suke cikinsa sukan toshe jikin randa a hankali. A zuba yashin a gindin babbar randa har ya ɗago ƙaramar bakinsu ya zo daidai, sannan a cika tazarar da yashi, a bar ɗan wuri a sama. A zuba ruwa sannu a hankali, ana jira yashin ya shanye kafin a ƙara, domin idan aka kwarara shi gaba ɗaya ƙaramar randar takan taso ta karkace. A rufe bakin da buhun algarara ko tsumma mai kauri da aka jiƙa aka matse.

A nan ne mutane da yawa suke gazawa. Sukan saka hannu bayan rabin sa'a, su ji babu wani bambanci, su mayar da randar wurin ajiye tarkace. Sanyin yana ɗaukar sa'o'i kafin ya kama, kuma ba zai taɓa kai na firiji ba. Abin da yake yi shi ne rage zafi da riƙe danshi, waɗanda su ne kayan miya suke bukata. Ina ba da shawarar a bar randar ta kwana babu komai a ciki, washegari a raba tumatir kashi biyu, a saka rabi a ciki, a bar rabi a kwando a gefenta, a riƙa duba su kullum har mako guda. Wannan gwaji ya fi kowace gardama, kuma yana nuna wa mai shi abin da ya kamata ya gyara.

Idan sakamakon bai gamsar ba, a sauya abu ɗaya kawai a lokaci guda, a jira kwana biyu a gani. A fara da wurin ajiyewa: randar da aka ajiye a lungun ɗaki inda iska ba ta ratsawa ba za ta yi sanyi ba, don haka a mayar da ita ƙarƙashin rumfa ko zauren da iska take bi, a ɗora ta a kan duwatsu uku domin iska ta shiga ta ƙasa. Bayan haka a duba ruwa, wanda ake ƙarawa a yashin safe da yamma, a lokacin bazara kuma har sau uku. Wanda ya sauya wuri da yashi da murfi duk a rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ne ya gyara ko ya ɓata masa aiki ba.

A riƙa saka kayan da ba su da rauni kuma babu ruwa a jikinsu, a cire duk wanda ya fara ruɓewa, a wanke cikin ƙaramar randar kowane mako. Albasa da tafarnuwa ba sa son danshi, don haka a bar su a waje, kuma ɗanyen nama da kifi da maganin da aka ce a ajiye a firiji ba wurinsu ba ne. Dabarar ta fi ƙarfi a hunturu da bazara lokacin da iska take bushe. Da damina ta sauka iska takan cika da laima, ruwa ba ya bushewa da sauri, sanyin kuma yakan ragu ƙwarai, saboda haka a wannan lokaci a rage yawan abin da ake ajiyewa, a kuma riƙa duba shi kowace safiya.