Idan Fada da Fasto Sun Saɓa a Kan Aya Ɗaya

Kafin ka shiga musu da ɗan'uwa na wata ɗarika a kan aya, fara tambayarsa: a cocinku, maganar wa ce ta ƙarshe? Yawancin gardamar da nake ji a zumuntar matasa daga nan take tasowa, ayar kuwa an ja ta ne kawai ta zama shaida.

Ɗan Katolika zai ce maka ikon fassara na Ikilisiya ne, wato Paparoma tare da bishop-bishop. Majalisar bishop-bishop ta Trent ta tsayar da haka a 1546, taron Vatican na biyu ya sake jaddadawa a 1965. Mu da muka tashi a ECWA, ko COCIN, ko Baptis, gadonmu daga Martin Luther yake, wanda ya tsaya a Worms a 1521 ya ce ba zai janye ba sai an nuna masa kuskurensa daga Littafi Mai Tsarki ko da hujja bayyananna. Amma kada ka ɗauka wannan yana nufin kowa da tasa fassarar. Luther ɗin da Zwingli, wani jagoran Furotesta daga Switzerland, sun zauna a garin Marburg a 1529 kan maganar Yesu game da gurasar Jibi, suka tashi baram-baram, alhali littafi ɗaya ne a gabansu.

Da ka gane inda kowa ya tsaya, buɗe Littafin ka karanta surar gaba ɗaya, har da ta gabanta. Ɗauki Yahaya 13, inda Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. A Ekklesiyar 'Yan'uwa (EYN) har yau ana kawo kwano da ruwa, dattijo ya durƙusa ya wanke ƙafar ɗan'uwansa, ya share. Fada yana yi a Alhamis Mai Tsarki. Wasu majami'un kuma suna ɗaukarsa koyarwa ce ta tawali'u. Tambayi kowannensu dalilinsa. Za ka ga ba wanda ya tsinci abinsa a hanya.

Aya mai wuya kuwa, nemi mai sauƙi ta haskaka ta. Bitrus da kansa ya ce akwai abubuwa masu wuyar ganewa a wasiƙun Bulus.

Sannan kai abin da ka fahimta gaban dattawa ko katikis. Ni a nan na fi ba da nauyi, domin da rikici ya tashi kan kaciya, manzanni taruwa suka yi a Urushalima, ba wanda ya yanke shi kaɗai. Duk mai wa'azin da ya ce Ruhu shi kaɗai ya buɗe wa ayar, ya kuma hana tambaya, ka roƙe shi sura da aya. Mutanen Biriya sun bincike maganar Bulus ma a Littafi kowace rana, aka kuma yaba musu.