Kurakuran da ake tafkawa wajen karanta zanen barkwancin yaƙin Japan da Amurka

Na gaji da ganin ɗalibai suna ciro zanen barkwanci daga intanet su manna a aikinsu, ba su ko duba ranar da jarida ta buga shi ba. Ni ma wannan ya taɓa ci na. Ina shekarar ƙarshe a jami'a na gina babi guda a kan wani zanen Dr. Seuss, mai zanen barkwanci ɗan Amurka, inda mutane ke sanye da hular kan jimina, na ce hoton Amurka ne bayan harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor. Malamina ya tambaye ni wane wata ya fito, na yi shiru. Ashe na Afrilun 1941 ne, wata bakwai da ɗoriya kafin harin 7 ga Disamba, lokacin da shahararren matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh da ƙungiyar America First ke cewa kada Amurka ta tsoma baki a Yaƙin Duniya na Biyu. Su ne jiminar, wadda ake cewa tana binne kanta cikin ƙasa don kada ta ga haɗari. Wata biyu na yi ina sake babin.

Tun daga nan, kafin in ce uffan a kan zane, sai na rubuta ranarsa da fensir, in jera ta da waɗannan: mamayar da Japan ta yi wa yankin Manchuriya a 1931, yaƙinta da Sin a 1937, daskarar da kadarorinta da toshe mata man fetur da Amurka ta yi a tsakiyar 1941.

Kuskure na biyun ya fi ɓata mini rai. Sai ka ga ɗalibi ya ɗauki mai zane tamkar shaida a kotu. Haba! A ranar 13 ga Fabrairun 1942 Seuss ya zana Amurkawa 'yan asalin Japan sun yi layi suna karɓar nakiya, duk fuska iri ɗaya. Bayan kwana 6 shugaban Amurka Roosevelt ya sa hannu a doka mai lamba 9066, aka kwashe kusan mutum 120,000 zuwa sansanoni, kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne. Wanda ya yabi alƙalamin Seuss ya tsallake wannan, bai karanta zanen ba. Ni dai ina sa ɗalibi ya rubuta wa aka zaga, kuma me ya same su daga baya.

Uncle Sam, dattijon nan mai doguwar hula da ake gani a zane-zane, ba Roosevelt ba ne, ƙasar ce baki ɗaya.

Jaridar PM, wadda ta buga zanen Seuss a wancan lokacin, ta birnin New York ce, mai ra'ayin shiga yaƙi. Kar a ce muryar duk Amurkawa ce.

A ƙara girman hoton a karanta ƙananan rubuce-rubucen jikin hula da akwati.