Yadda ake sauya wa shuka mai ajiye ruwa tukunya a yanayin Sakkwato

Zabuwa, moda, shuka-halinka, ƙaramar kariya, da ƙananan furanni masu kaurin ganye da ake kawowa daga waje, irin Haworthia ta Afirka ta Kudu da Echeveria ta Meziko, duk halinsu ɗaya: suna tara ruwa a ganye ko a kara. Ƙishi ba ya kashe su da wuri. Abin da ke kashe su a gidajenmu shi ne saiwa ta kwana biyu ko uku cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Saboda haka tambayar da za ka riƙa yi wa kowace tukunya ita ce: kwana nawa za ta yi kafin ta bushe?

Fara da huda. Tukunyar da ba ta da huda a gindi, komai kyanta, ba ta dashe ba ce. Idan ta ƙasa ce, jiƙa ta awa ɗaya, kife ta a kan buhu, ka huda tsakiyar gindin a hankali da ƙusa, har ɗan yatsa ya iya shiga.

Tukunyar ƙasa irin ta maginanmu, wadda ba a shafa mata fenti ba, ita ce ta fi dacewa. Jikinta na tsatsar da ruwa kamar randa, ƙasar ciki ta bushe da wuri, saiwa kuma ta yi sanyi. Ta roba tana riƙe danshi, baƙar kuwa idan rana ta buge ta a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, sai ta dafa saiwar da ke manne da jikinta. Ta tangaran mai sheƙi ado ce, amma ba ta numfashi, sai ka rage ban ruwa. Aibin ta ƙasa ɗaya ne: ƙaramar da ba ta kai faɗin santimita 8 ba takan bushe ƙayau a yini guda da hunturu, don haka kada a ajiye ta a bakin iska.

Girma shi ne inda aka fi yin kuskure. Sabuwar tukunya ta ɗara tsohuwar da santimita 2 zuwa 3 kawai a faɗi, wato kamar yatsa ɗaya ta kowane gefe. A babbar tukunya, ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba takan zauna a jiƙe, daga nan ruɓa ke farawa. Yawancinsu saiwarsu ba ta nisa, kasko mai faɗi ya ishe su. Haworthia ce ke son ɗan zurfi.

Ƙasar fadama baƙa ce mai kyan gani, amma laka ce, ba ta wannan aiki ba. Rairayin jigawa mai laushi shi ma yana daskarewa ya toshe iska. Auna da gwangwanin madara: biyu na yashin gulbi mai tsakuwa, ɗaya na ƙasar lambu, ɗaya na dakakken gawayi ko farfasasshen tsingaro mai girman ƙwayar dawa zuwa ta masara. Tankaɗe yashin da rariya, ka zubar da garin, ka ɗauki abin da ya rage a sama. Wanke gawayin don toka ta fita. Taki ɗanye kada ya shiga ko kaɗan, yana ƙona saiwa, yana kiran gara. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: yayyafa wa haɗin ruwa, dunƙule a hannu, ka buɗe. Idan ya warware, ya yi. Idan ya tsaya curi kamar fura, ƙara yashi.

Akwai al'adar zuba tsakuwa a ƙasan tukunya wai don ruwa ya tsane. Ba ta yin hakan. Ruwa ba ya saurin sauka daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa, sai ya taru a samanta, daidai inda saiwa take. Guntun ragar taga ko tsingaro ɗaya a kan hudar ya wadatar.

Lokacin da ya fi shi ne bayan ɗaukewar damina, Oktoba zuwa Nuwamba, ko farkon Fabrairu kafin zafi ya kama. A guji bazara da tsakiyar Agusta. Sau ɗaya a shekara biyu ya isa, sai fa idan saiwa ta leƙo ta huda, 'ya'yan da ke tsirowa daga gindinta sun cika tukunyar, ko shukar tana cikin baƙar ledar da aka sayo ta.

Dakatar da ban ruwa kwana 4 ko 5 kafin ranar. Karkata tukunyar, tallabi gindin shukar tsakanin yatsu, buga gefen a hankali. Kada a ja ta ganye. Leda kuwa yanka ta za a yi. Karkaɗe tsohuwar ƙasa da tsinke, ka duba saiwar: lafiyayya tana da ƙarfi, fara ko rawaya, ta moda ma ruwan lemo ce. Wadda ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari, yanke ta da reza sabuwa har inda jikin yake da ƙarfi, barbaɗa garin gawayi, ka bar shukar a inuwa kwana 2 ko 3 ciwon ya kame. Idan ka ga wani fari kamar auduga a saiwar, ƙwari ne, wanke ta tas ka zubar da ƙasar duka. Mai taɓa kariya ko dangin tinya ya sa leda a hannu, ruwan jikinsu guba ne, kada ya taɓa ido, a kuma nisantar da yara.

Zuba haɗin zuwa sulusin tukunya, ɗora shukar a tsakiya, cike gefe, ka bubbuga tukunyar a ƙasa maimakon dannawa da yatsa. Wuyan shukar ya tsaya inda yake a da, ganyen ƙasa kada ya nutse. Bar santimita ɗaya a baki.

Sai haƙuri: babu ruwa har kwana 5 zuwa 7, domin saiwar da ta karye ta warke. Ajiye ta inda haske yake amma rana ba ta dukanta, kamar baranda, mako biyu. Ranar ban ruwa na farko, zuba har ya fito ta huda, ka zubar da wanda ya taru a farantin da ke ƙarƙashin tukunyar. Ba za a ƙara ba sai an soka tsinken tsire har ƙasa ya fito a bushe. Ganyen ƙasa ɗaya ko biyu ya yanƙwane bayan dashe ba komai ba ne. Wanda ya koma rawaya, ya yi taushi kamar an dafa shi, shi ne na ruwa ya yi yawa: cire shukar a ranar, ka sake duba saiwa.