Kurakuran da mazauna bakin iyaka ke yi da bizar gajeren zama

Wanda ya tashi a bakin iyaka yakan ɗauki tsallake kamar wata unguwa ta garinsu. Can yake da dangi, can yake cin kasuwa. Wannan sabon ne ke sa shi daina duba takardarsa, alhali jami'in shige da fice takarda kawai yake karantawa, bai san zumunci ba.

Kuskuren da ya fi jefa mutane cikin wahala shi ne lissafin kwanaki. Ranar ƙarewar biza daban, adadin kwanakin da aka yarda ka zauna daban. A ƙasashen Shengen na Turai, waɗanda ake shiga da biza guda, ƙa'idar ita ce kwana 90 cikin kowane kwana 180, ko da bizarka ta shekara biyar ce. Da yawa suna zaton fita da dawowa na goge tsohon lissafi. Ba haka ba ne. A kowace ranar da kake cikin ƙasar, ana waiwayar kwana 180 da suka wuce a tara duk kwanakin da ka yi. Ranar shiga kwana ɗaya ce, ranar fita ma kwana ɗaya ce, ko da sa'a biyu ka yi. Mai tsallakawa sau uku a mako don ɗan sayayya yana cinye rabonsa ba tare da ya taɓa kwana a can ba. Maganin ba wani abu ba ne: ka rubuta kowace shiga da fita a littafi ko a waya, ka ƙirga kafin ka bar gida. Tun watan Oktoban 2025 Turai ta fara maye gurbin hatimin fasfo da rajistar kwamfuta mai ɗaukar zanen yatsa da hoton fuska, don haka zancen "hatimi bai fito sosai ba" ya kusa zama tarihi.

Sai nisa. Takardar da ake ba mazauna iyaka tana da igiya a ƙafa. Dokar Tarayyar Turai ta 2006 kan zirga-zirgar bakin iyaka ta tsaya ne a kilomita 30, a wasu wurare har 50, kuma sai wanda ya zauna a yankin aƙalla shekara guda. Daɗin wannan takardar shi ne ba a lissafa ta da ƙa'idar kwana 90 ɗin can. Kotun Turai ta tabbatar da haka a 2013, a shari'ar wani ɗan Yukren da Hangari ta hana shiga. Amma in ka zarce yankin, ka karya doka, ko da takardar na aljihunka. Haka katin tsallaka iyaka da Amurka ke ba 'yan Meziko: yana aiki shekara 10, amma kwana 30 ne a kowace shiga, cikin mil 25 daga iyaka a Kalifoniya da Tekzas, mil 55 a New Mexico, mil 75 a Arizona. Mai son wucewa sai ya karɓi takardar izinin shiga mai suna I-94 tun a bakin iyaka. Kafin ka amsa gayyatar biki ko ka bi likita zuwa babban birni, duba taswira.

Na uku, yin aiki da bizar ziyara. Mutum ya ce ai ɗan taya ɗan'uwa tsaron shago ne kawai. A idon hukuma aiki aiki ne, kuma ana soke takarda a kansa. A ganina nan ne mutane suka fi cutar kansu, don ribar 'yan kwanaki ba ta kai asarar takardar da ake ziyartar iyaye da ita ba. Mai neman aiki ya nemi izinin aiki.

Akwai kuma masu jin "babu biza" su ɗauka "babu takarda". Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar kwana 90 ba biza, amma da sharaɗin ingantacciyar takardar tafiya da shaidar rigakafi, kuma ta mashigar da hukuma ta sani. Wanda ya bi ta ɓarauniyar hanya ba shi da shaidar ranar da ya shigo. Fasfo ma a duba shi: Shengen na son ya rage aƙalla wata uku bayan ranar da za ka fita.

Kada kuma ka gina dukkan harkarka a kan cewa ƙofar za ta dawwama a buɗe. Poland ta buɗe wa mazauna Kaliningrad, yankin Rasha da ke iyaka da ita, ƙaramar zirga-zirga a 2012, ta dakatar a 2016. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, sai Disamban 2020 ta fara buɗewa. In kana da mara lafiya da ke karɓar magani a tsallake, ko yaro a makaranta, ka nemi cikakkiyar biza ko izinin zama tun ƙofa na buɗe, ka kuma ajiye kwafin takardun asibiti da na makaranta a gida.