Kurakuran da ake yi wajen zaɓen wuraren da za a fara karewa a hamadar Nijar da Chadi

Lokacin da gwamnatin Nijar ta kafa gandun dajin Tarmit da Tin Tumma a watan Maris na 2012, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 97,000, wato ya fi jihar Neja girma, ita da ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Najeriya. Babu hukumar da ke da motoci da mai da ma'aikatan da za su tsare irin wannan fili kusurwa-kusurwa. Dole a zauna a ce ga inda za a fara, ga inda zai jira. A wajen wannan zaɓen ne ake yawan yin tuntuɓe, kuma kusan duk tuntuɓen tushensa ɗaya ne: ana zana taswirar hamada kamar ana zana ta kurmi, alhali a hamada rai ba ya zama wuri ɗaya.

Ƙirga yawan nau'o'i kawai

Wanda ya koyi aikin a ƙasar da ke da ruwa yakan zo da ma'auni guda: wurin da ya fi yawan nau'in dabbobi da tsirrai shi ne kan gaba. Da wannan ma'auni dutsen Tarmit zai ci kowace gasa, domin a kwazazzabansa akwai ragon dutse, da maina (farin gindi, wadda ƙungiyar ƙwallon Nijar ta ari sunanta), da sayaki, da kunkuru, da tsuntsaye iri-iri. Tuddan yashin Tin Tumma kuwa sai su faɗo can ƙasa, don mutum yakan wuni yana tafiya bai ga komai ba sai rairayi da 'yar ciyawa tsilli-tsilli. Amma a cikin wannan rairayin ne ragowar adaks na ƙarshe a duniya da ba a taɓa killacewa ba suke rayuwa, farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da faffaɗan kofato, wadda takan yi watanni ba ta sha ruwa ba.

Gyaran shi ne a sauya tambayar. A daina cewa “nau'i nawa ne a nan?”, a koma cewa “in an rasa nan, me aka rasa da ba za a same shi a wani wuri ba?” A raba ƙasar gida-gida tun farko: dutse, tuddan yashi, kwari mai itatuwa, fako, tafkunan damina, sannan a tabbata kowane gida ya sami kasonsa a cikin zaɓen. Ƙa'idar da IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta fitar a 2016 kan muhimman wuraren halittu ita ma a kan haka ta tsaya: wuri yana iya shiga saboda nau'i ɗaya tak, in dai kaso mai yawa na wannan nau'in a can yake.

Ɗaukar inda mota ta bi a matsayin inda dabba take

Yawancin ƙidaya da sanyin hunturu ake yin ta, don lokacin ne mutum da mota suke jure tafiya. Kuma direba yakan bi inda taya ba za ta nutse ba. Sai bayanan su taru a gefen hanya da kusa da rijiyoyi, a watanni uku ko huɗu na shekara, a ɗora su a taswira su fito kamar gaskiya. Farin wurin da ke taswirar sau da yawa ba yana nufin babu dabba ba ne, yana nufin babu wanda ya je.

A watan Maris na 2016 an yi wani bincike a yankin adaks. Jirgin sama ya yi awa 18 yana shawagi bai ga ko ɗaya ba. Masu bin ƙasa suka yi tafiyar da ta haura kilomita 700 kafin su ga guda uku. Labari ne mai tayar da hankali, kuma ya kamata ya tayar. Amma ko shi bai ce uku ne suka rage ba, ya ce uku aka gani. Saboda haka a kowace taswira a riƙa nuna inda aka duba da lokacin da aka duba, a ware “mun duba ba mu gani ba” da “ba mu je ba”, kowanne da launinsa. A ƙara da kyamarorin da ake ɗaurewa su kwana a daji, da bin sawu da kashi, a kuma daure a koma da bazara ko da sau ɗaya ne, domin wurin da dabba ta fake a watan Afrilu da Mayu shi ne wurin da ranta ya rataya a kai.

A nan ne ma hoton tauraron ɗan'adam yake yaudara. Yana nuna kore bayan ruwa, amma ba ya ganin itacen jiga guda ɗaya a bakin kwari. Ku je ƙarƙashinsa da tsakar rana ku duba: ƙasar ta yi laushi saboda kwanciya, ga kashin barewa sabo da tsoho, ga ramin yanyawa a gefe, a sama kuma wataƙila sheƙar mikiya a kan kandili na kusa. Inuwar da ba ta fi tabarma biyu ba, amma da ita dabbobin wannan kwarin suke ƙetare zafi. In an sare ta don itacen girki, sai an yi shekaru masu yawa kafin wata ta kai girmanta.

Zana da'ira a kewaye abin da ke tafiya

Wannan shi ne babban kuskuren, kuma Nijar ta riga ta ɗanɗana shi. A 1988 aka kafa gandun Ayar da Tenere, murabba'in kilomita 77,000 da ɗoriya, aka keɓe wani yanki a tsakiyarsa musamman don adaks. UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan haka ta sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawayen da ya ɓarke. Sunan mafakar adaks yana nan a takarda, amma adaks ɗin da suka rage suna ɗaruruwan kilomitoci kudu maso gabas. Haka Gadabeji, a arewacin jihar Maraɗi: an keɓe shi tun 1955, mariri na cikin dabbobin da aka so karewa, amma fili mai murabba'in kilomita 760 bai isa dabbar da ke bin damina arewa ta dawo kudu da rani ba. A shekarar 2000 aka ayyana cewa mariri ya ƙare a daji baki ɗaya.

Ruwan hamada ba shi da alkawari. Bana hadari ya zuba a wannan kwarin, baɗi ya tsallake shi ya zuba a wani mai nisan tafiyar kwana biyar a raƙumi. Dabbar da ta rayu a nan ta rayu ne don ta iya bin sa. Don haka ba a zaɓen wuri da bayanan shekara ɗaya. A tattara hotunan tsiro na shekara goma ko ashirin, a ga wuraren da suke yin kore a shekarun fari, ba na shekarun albarka kaɗai ba. Sannan a raba kariyar iri biyu: abin da ba ya motsi, kamar dutse da kwari da itatuwa, a yi masa iyaka tabbatacciya, abin da ke motsi kuwa a bi shi da sintiri mai motsi, wanda ake sauya wa wuri bayan kowace damina. Hanyoyin da ke haɗa su, irin doguwar kwarin Diliya da ta taso daga Tarmit ta nufi tafkin Chadi, su ma a ƙirga su cikin wuraren farko, ko da ranar da aka bi ba a ga komai ba.

Tsayawa a bakin iyakar ƙasa

Taswirori da yawa a kan layin iyaka suke yankewa, kamar an sa almakashi. Adaks ba ya tsayawa a nan, mafarauci ma haka, musamman tun bayan rushewar Libiya a 2011 da gano zinariya a Jado, can arewa maso gabashin Nijar, a 2014, lokacin da motoci da bindigogi suka yawaita a hamada. A ɓangaren Chadi akwai gandun Wadi Rime da Wadi Ashim, inda aka fara mayar da mariri daga Abu Dabi a 2016, aka saki adaks a 2020, har IUCN ta cire mariri daga jerin waɗanda suka ƙare a daji a ƙarshen 2023. Ƙasar da ke tsakanin gandun nan da Tin Tumma tana da ƙarancin bincike. Ƙasashen biyu su yi ƙidaya a lokaci guda, da hanya iri guda, su zuba a taswira guda.

Rashin duba taswirar wasu

Masana dabbobi sukan zana tasu taswirar su kaɗai, sai daga baya su gano cewa ma'aikatar man fetur tana da tata. An ba kamfanin CNPC na ƙasar Sin filin man Agadem a 2008, shekara huɗu kafin a kafa gandun Tarmit da Tin Tumma, kuma filayen biyu sun hau kan juna. A rahotonta na 2016 IUCN ta danganta raguwar adaks da hayaniyar aikin mai da farautar da ta biyo shi. A watan Yuni na 2019 gwamnati ta sauya iyakar gandun, ta fitar da kusan rabinsa ta gabas, ciki har da yankin adaks, ta ƙara wani fili ta yamma. An sake gyara iyakar a 2021. Abin da ya fi damuna a wannan labarin shi ne yadda lissafin faɗin ƙasa yake iya rufe asara: a cire wurin da babu kamarsa, a maye da wani mai faɗi, adadin ya kusa komawa daidai. Yanzu da duniya ta ɗauki alkawarin kare kashi 30 cikin ɗari na ƙasa nan da 2030, hamada ce wuri mafi sauƙin cika lissafi, don haka sai an sa ido.

Tun ranar farko a shimfiɗa taswirar rijiyoyin mai, da bututu, da hanyoyi, da wuraren haƙar zinariya a kan ta dabbobi. Inda suka haɗu, nan ne ake bukatar yarjejeniya a rubuce: iyakar gudun mota, hana bindigar farauta, hana buɗe sabuwar hanya a wasu watanni.

Zuwa wajen makiyaya bayan an gama zane

Tubawa da Larabawa da Abzinawa da Fulanin da ke kiwo a kewayen garuruwan Taskar da Ingurti, kusa da gandun Tarmit, sun san abin da babu na'urar da ta sani. Makiyayin da ke tsaye a bakin rijiya, raƙumi na jan wasaki, zai gaya maka kwarin da ya sami ruwa shekara uku da suka wuce, da inda ya ga sawun maina da ɗanta, da motar da ta wuce da dare ba fitila. Kuskuren shi ne a zo masa da taswirar da aka riga aka buga a Yamai ana neman ya ce to. A zo da farar takarda, a sha shayi, a bar shi ya zana a ƙasa da yatsa, a biya shi ladan iliminsa, a kuma ɗauki 'ya'yansa aikin sa ido.

Akwai magana mai nauyi da dole a yi da su, ita ce ta rijiya. Wuraren da namun daji suka rage galibi su ne masu nisa da ruwa, inda garke ba ya iya daɗewa. Sabuwar rijiyar burtsatse guda ɗaya a irin wannan wuri takan tara raƙuma da awaki shekara zagaye, ciyawar da adaks ko maina za su ci da bazara ta ƙare tun da hunturu. Ba wanda zai ce wa mai ƙishirwa kada a haƙa masa rijiya, kuma dokar kiwo ta Nijar ta 2010 ta tabbatar wa makiyaya haƙƙin yawo da dabbobinsu. Abin da za a yi shi ne a zauna da sarakunansu da masu rijiyoyin, a amince kan inda za a haƙa da inda za a bari, a gyara tsofaffin rijiyoyin da suka rufta kafin a buɗe sababbi, a kuma sa wannan yarjejeniyar a kan taswirar da ake kai wa ma'aikatar ruwa da ƙungiyoyin agaji, tunda su ne ke zuwa da injin haƙa.