Darasi na 9: Ɗalibi da Aikin Rukuni

A jami'o'in ƙasashen waje, malami kan raba ɗalibai rukuni-rukuni, mutum huɗu ko biyar, ya ba su aiki guda su yi tare. Haka ake yi ma a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Kamar aikin gayya ne, sai dai a nan galibi maki ɗaya ake ba kowa. In mutum ɗaya ya yi sakaci, abin ya shafi duka.

Tun ranar farko ake raba aikin a rubuce: wane zai nemo bayanai, wance za ta rubuta gabatarwa, wane zai haɗa komai ya gyara. Gaban kowane suna a sa kwanan wata. Abin da aka faɗa da baki kawai, gobe wani zai ce bai ji ba. Ba a kwafar rubutun wani a ce nasu ne, domin jami'o'i da yawa suna da manhaja irin su Turnitin mai gano kwafe.

Inda aka fi shan wahala shi ne wajen lokaci, kuma nan ne iyaye ke da hannu. Ɗalibi kan zo gida hutu ko biki alhali rukuninsu bai gama ba. Agogon Maleshiya yana gaban namu da awa 7. Na Indiya yana gabanmu da awa 4 da rabi. Saudiyya kuwa awa 2 ne. To, in abokan aikinsa a Kwala Lamfur, babban birnin Maleshiya, suka sa taro ƙarfe 2 na rana, mu a Zariya ƙarfe 7 na safe ne, lokacin da ake aiken yara sayen ƙosai.

Karanta wannan hira tsakanin wata uwa a Tudun Wada da ɗanta mai karatu a Maleshiya:

"Kai kuwa tun safe kana ɗaki da kwamfuta, baƙi na ta tambayarka?"

"Ki yi haƙuri Umma, yau ne wa'adin aikinmu. Ƙarfe 11:59 na dare shafin zai rufe."

"Ai da saura, yanzu ko azahar ba a yi ba."

"Daren can ne, Umma. A nan 4:59 na yamma ke nan. Ga shi ɗaya daga cikinmu bai turo nasa ba, ga cajin kwamfutar ya kusa ƙarewa."

"To tashi ka tafi gidan kawunka, suna da sola. Allah Ya ba da sa'a. Baƙin ni zan ji da su."

Uwar nan ta yi dabara. Shafin da ake tura aiki ta intanet ba ya jin magiya, kuma malamin da ke can bai san an ɗauke wuta a unguwarku ba. Wasu malaman kan rage maki in an makara, wasu ba sa karɓa sam. Shi ya sa ɗalibi mai wayo kan tura da sauran awanni, ya ɗauki hoton shaidar turawa ya ajiye a waya. Shi kuwa wanda bai kawo nasa kason ba, tun da wuri ake sanar da malami, ba a bari sai ranar ƙarshe.

Aikin aji

Zana agogo biyu a littafinka. Rubuta Zariya a ƙarƙashin ɗaya, Maleshiya a ƙarƙashin ɗayan. In ƙarfe 9 na dare ne a can, ƙarfe nawa ne a nan? Sannan ku haɗu uku-uku, ku rubuta sunayenku, da aikin da kowa zai yi wajen share ajin nan, da ranar da zai gama.