Kafin ka sa hannu a takardar hayar loft a SoHo

Yawancin mutanenmu da ke sauka a New York, Bronx suke nufa ko Harlem, su raɓa wajen ɗan'uwa har ƙafarsu ta tsaya. Amma akwai 'yan tsirarun da ke shigowa ta wata ƙofa: likita, ma'aikacin banki, injiniyan kwamfuta da kamfani ya ɗauko aka ce masa ya zaɓi gida, ko attajirin da ke nema wa 'yarsa masauki kusa da jami'ar NYU. Irin waɗannan, da sun zauna da dillali ba a jimawa zai ambaci SoHo, ya buɗe musu hotunan loft: falo ɗaya tamfatsetse, tagogi sun fi tsayin mutum, bangon jan bulo ba filasta, ginshiƙan ƙarfe a tsakar ɗaki. Gida ne mai kyau, ba na musu. Sai dai ba don zaman iyali aka gina shi ba, kuma duk wahalar da za ka sha a ciki daga nan ta samo asali.

SoHo tana kudancin Manhattan, tsakanin titin Houston da titin Canal. Gine-ginenta masu fuskar zubin ƙarfe an yi su ne a ƙarni na 19 don kantuna, ma'ajiyar kaya da masana'antun tufafi. Shi ya sa rufin yake da nisa, ƙafa 12 ko fiye, tagogin kuma manya, domin masu ɗinki su samu haske. Da masana'antu suka watse bayan yaƙin duniya na biyu, unguwar ta zama kango, gobara ta yi ta cin ta, har aka so a rushe wani sashenta a shimfiɗa babbar hanyar mota da Robert Moses, babban mai tsara hanyoyin birnin a lokacin, ya tsara. Mutanen gari suka tashi tsaye, aka yi watsi da shirin a ƙarshen shekarun 1960. A lokacin masu zane da sassaƙa sun riga sun fara tarewa a ɓoye a waɗannan benaye saboda araha da fili. A 1971 hukuma ta halatta wa masu fasahar da ta tantance su zauna a inda suke aiki, a 1973 aka sa unguwar cikin wuraren tarihi da ake karewa, a 1982 kuma jihar New York ta yi dokar loft don kare masu haya a tsofaffin masana'antu. Daga baya masu kuɗi suka biyo sawu, araha ta ƙare.

Wannan tarihi yana da amfani a aljihunka. Har yau akwai gidaje a SoHo da a takarda na masu fasaha ne, duk da an sauya tsarin unguwar a 2021. Saboda haka ka nemi ganin takardar da hukumar gine-gine ta birni ta bayar, wadda ke nuna an amince mutane su kwana a wannan hawa. Ana duba ta kyauta a intanet da adireshin ginin. Idan dillali ya fara kame-kame a kan wannan, ka ɗauki jakarka. Ka kuma tambaya ko ginin irin wanda mazauna suka mallaka a haɗe ne, domin a irinsa kwamitin masu gida sai ya tantance ka, wani lokaci har da ganawa ido da ido, kuma abin yana cin makonni.

Maganar kuɗi kuwa, a nan sabon zuwa ya fi shan mamaki. Al'adar masu gidaje a New York ita ce albashinka na shekara ya kai ninki 40 na hayar wata. Idan hayar dala 10,000 ce, wadda ba abin mamaki ba ce a loft mai kyau a SoHo, ana son ganin dala 400,000 a shekara a rubuce. Sannan za su duba tarihin bashinka a Amurka, kai kuwa ba ka da shi tunda jiya ka zo. A Kano ko Abuja da sai ka dire hayar shekara guda a gaban mai gida magana ta mutu. A nan tun 2019 doka ta hana karɓar abin da ya wuce hayar wata ɗaya a matsayin kuɗin ajiya ko biyan gaba, kuɗin cike takarda ma bai wuce dala 20 ba. Mafita ita ce mai tsaya maka, wanda galibi ake so albashinsa ya kai ninki 80, ko kamfanonin da ke tsaya wa baƙi a biya su lada. Idan kamfanin da ya ɗauko ka zai karɓi hayar da sunansa, ka huta. Tun watan Yunin 2025 kuma, idan mai gida ne ya ɗauki dillali, shi zai biya shi la'adarsa, ba kai ba. Ranar da ka tashi, kwana 14 mai gida yake da su ya mayar maka da kuɗin ajiyarka ko ya rubuto abin da ya cire da dalili, don haka ka ɗauki hoton kowane lungu ranar da ka shiga.

Yanzu ga abin da hoto ba ya nunawa. Loft na asali ba shi da ɗakuna. Kicin, falo, wurin cin abinci, wani lokaci har gado, duk a sarari ɗaya suke. Inda aka yanka ɗakin kwana, sau da yawa bangon bai kai rufi ba, ko kuma ɗakin ba taga, tunda ginin dogo ne siriri, hasken daga gaba da baya kawai yake shigowa. A ginin da lif ke buɗewa kai tsaye cikin gida, baƙo yana fitowa a tsakiyar falonka yake, babu soro, babu inda zai tsaya ya yi sallama uwargida ta samu ta ja mayafi. Ka yi tunanin surukarka ta zo jegon wata uku, ko ƙaninka ya sauka da abokinsa. Wanda ya tashi sahur ya kunna wutar kicin ya tashi gidan gaba ɗaya. Kada ka ce za ka kira kafinta ya ja maka bango. Sai da izinin mai gida da na hukuma, tagogi ma ba a sauya su sai hukumar kula da gine-ginen tarihi ta yarda. Dogayen labule masu kauri da manyan kantocin littattafai su ne abin da yawanci ake rabawa da su.

Girki ma sai an yi shiri. Ka tsaya a gaban murhu ka tambaya ko na'urar zuƙar hayaƙin tana fitar da shi waje ne ko juya shi kawai take yi cikin ɗaki. A tsofaffin gine-gine ta biyun ta fi yawa. Ranar da aka soya manja aka jefa daddawa, katifa da kwat ɗin ofis duk za su shaida. Turaren wuta kuma yana iya tayar da ƙararrawar gobara, a wasu gine-ginen ta dukan bene, a zo ana buga maka ƙofa. Kaskon lantarki da ɗan turare kaɗan kusa da buɗaɗɗiyar taga ya fi kwanciyar hankali. Turmi kam a manta da shi, domin daɓen katako ne, tafiyar yaro ma maƙwabcin ƙasa yana jin ta, shi ya sa takardun haya da yawa ke sharɗanta a shimfiɗa darduma a mafi yawan daɓen.

Banɗaki shi ne inda na fi jan kunnen mutanenmu. Ƙasan banɗakin Amurka ba shi da magudana. Ruwan alwala ko na buta da ya zuba ba inda zai bi sai cikin katako, ya ɓulla a rufin na ƙasa da kai, wanda wataƙila zanen da ya rataye a bango ya fi motarka tsada. Ka yi alwala a cikin bahon wanka, ka ajiye tawul na goge ƙasa, kuma ka yanki inshorar masu haya tun makon farko. Ba ta da tsada, masu gida da yawa ma sai da ita suke ba da makulli.

Sanyi: daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu doka ta wajabta ɗumama gidajen haya, idan aka ƙi ka kira 311, layin kai ƙorafi na birnin. Amma ka tambaya tun farko wa ke biyan kuɗin ɗumamar, domin zafi sama yake tashi, rufi mai nisa da manyan tagogi suna shanye shi, takardar kuɗin kamfanin wuta da gas na Con Edison ta Janairu tana iya ba ka tsoro. Tsofaffin bututun tururi kuma suna ƙwanƙwasa da asuba, ba aljanu ba ne.

Ka je unguwar sau biyu kafin ka yanke shawara, da safiyar ranar aiki da kuma yammacin Asabar. A ƙarshen mako Broadway da titin Prince da Spring cika suke da masu sayayya da 'yan yawon buɗe ido har ba wurin taka ƙafa, da dare kuma motar shara a kan daɓen duwatsun titin Greene ba ta san mutum na barci ba. Hawa na sama da ke kallon baya ya fi shiru, ko da haskensa bai kai ba. Mota ba ta da amfani a nan: wurin ajiyewa tsada, kuma tun Janairun 2025 ana biyan kuɗin shiga Manhattan ƙasa da titi na 60.

Juma'a ba za ta gagare ka ba, akwai cibiyar Musulunci ta NYU wajen dandalin Washington, tafiyar ƙafa ce. Cefanen gida ne sai an yi tattaki: jirgin ƙasa mai lamba D daga tashar Broadway-Lafayette zai kai ka Bronx, inda shagunan 'yan Afirka ta Yamma suke, ka ji Hausar zangon Kumasi da ta Yamai, ka yi guzurin kuka da kuɓewa busasshiya da naman halal na sati biyu.

A ganina, gwauro ko ango da amarya da suka zo aikin shekara ɗaya ko biyu, kamfani na biya, su shiga su more. Mai 'ya'ya uku da baƙi ba sa yankewa, wannan kuɗin zai sama masa gida mai ɗakuna da ƙofofi a Harlem ko Brooklyn, har da canji. Idan kuma yaranka ba su wuce shekara 10 ba ka nace sai SoHo, ka rubuta wa mai gida ya sa ƙarafan kariya a tagogi kafin ku tare. Doka ta ɗora masa wannan.